Babi na Takwas: Hanta a Hagu, Saifa a Dama

A cikin kowane mutum 10,000 da aka haifa, ana samun kusan ɗaya wanda kayan cikinsa gaba ɗaya suka zauna a juye: zuciya ta karkata dama, hanta ta koma hagu, tumbi da saifa suka tare a dama. Da jin wannan adadi sai mutum ya ɗauka abu ne da likita zai gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa cin karo da shi ba. To amma a ɗora shi a kan wani adadin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 manya kimanin miliyan 890 ne ke fama da ƙiba mai cutarwa. Idan aka raba wannan da 10,000, za a tashi da mutum kusan 89,000 da suka haɗa abu biyun. A Amurka kaɗai an yi tiyatar rage ƙiba fiye da 250,000 a shekarar 2019, wanda a wannan lissafi ke nufin mutum ashirin da 'yan kai masu juyayyen ciki sun hau teburin tiyata a waccan shekara.

Yawan ya isa a ce abin yana faruwa kowace shekara a wani asibiti na duniya, amma bai isa a ce wani likita guda ya saba da shi ba. Likitan da ya yi wannan aiki sau dubu, kusan duk dubun a jiki mai tsari ɗaya ya yi su. Ranar da aka kawo masa mai juyayyen ciki, ilimin da ke kansa yana nan daidai, amma abin da hannunsa ya haddace ya zama abin tsoro.

Jikin da ya bi ta ɗaya hannun

Daga waje, ɗan Adam rabi biyu ne masu kama da juna. Daga ciki kuwa kowace gaɓa da ɓangarenta. Zuciya ta karkata hagu. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Hanta da matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, suna dama ƙarƙashin haƙarƙari, tumbi da saifa suna hagu, afendis yana ƙasan ciki ta dama. A jikin da muke magana a kai, duk wannan tsari yana nan daram, babu abin da ya ɓace, babu gaɓar da ta rabu da maƙwabciyarta, sai dai dama ta koma hagu irin yadda madubi ke nuna mutum. Sunan da ake rubutawa a takardar asibiti ko'ina a duniya shi ne situs inversus totalis, kuma duk wanda abin ya shafa yana da kyau ya riƙe shi.

A shekarar 1788 wani matashin likita ɗan Sikotilan mai suna Matthew Baillie ya buɗe gawar wani mutum a makarantar koyon fiɗa da ke Landan, ya tarar da komai a juye. Ya bi jijiyoyi da gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya ya rubuta cikakken bayani, kuma abin da ya fito fili shi ne juyin bai taɓa lafiyar gaɓoɓin ba. Haka abin yake har yau. Randy Foye, wanda ya shafe shekara goma sha ɗaya yana buga ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka, kayan cikinsa a juye suke. A jihar Oregon an samu wata tsohuwa da ta rasu a 2017 tana da shekara 99, ta bar wasiyyar a ba da gawarta ga makarantar likitoci. Ɗaliban da ke nazarin gawar ne suka gano hantarta da tumbinta a juye suke, abin da iyalanta suka ce ita kanta ba ta sani ba. Wani abin mamaki kuma, masu juyayyen ciki ba su fi sauran jama'a yawan bahagwai ba, yawancinsu da dama suke cin tuwo.

Dalilin juyin ya daɗe yana ba masana wahala. A 1933 Manes Kartagener, likita a birnin Zurich na Siwizalan, ya lura cewa wasu masu juyayyen ciki suna fama da murar da ba ta warkewa da kuma lalacewar hanyoyin iska na huhu. Me ya haɗa hanci da matsayin hanta? Amsa ta zo a 1976 daga Björn Afzelius na ƙasar Suwidin, wanda ke nazarin maza marasa haihuwa da ƙwayoyin maniyyinsu ba sa motsi. Ya ga wasu daga cikinsu suna da irin wannan ciwon huhu da juyayyen ciki, sai ya danganta komai da abu guda: wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, waɗanda ke kaɗawa a saman ƙwayoyin jiki. Su ne ke share majina daga hanci da huhu, kuma irin injinsu ne ke motsa jelar maniyyi.

A 1998 masu bincike a Jami'ar Tokyo, ƙarƙashin Nobutaka Hirokawa, suka nuna yadda abin ke faruwa a tayin ɓera. A farkon halitta akwai wani ɗan rami a jikin tayi mai ɗauke da irin waɗannan gasu, suna juyawa suna tura ruwa zuwa hagu. Ɓangaren da ruwan ya nufa shi ke samun saƙon cewa shi ne hagu, daga nan wasu ƙwayoyin gado su farka a wannan ɓangaren kaɗai, su tsara inda zuciya za ta lanƙwasa da inda tumbi zai juya. A 2002 aka ƙara tabbatar da haka, inda aka tura ruwa da ƙarfi zuwa dama a kan tayin ɓera, tsarin jikinsa kuwa ya juye. A ɗan Adam wannan hukunci yana yankuwa ne a wajen mako na uku da ɗaukar ciki, kafin mata da yawa su san sun samu juna biyu. Idan gasun ba sa motsi, zaɓin ɓangare ya koma kan sa'a, shi ya sa kusan rabin masu ciwon rashin motsin gasu suke da juyayyen ciki. Ta ɗaya wajen kuma, kimanin ɗaya cikin huɗu ko biyar na masu juyayyen ciki ne ke da wannan ciwo. Sauran kuwa yawancinsu lafiyarsu ƙalau.

Abin da tiyatar take yi

Masu jin labarin daga nesa sukan ɗauka kitse ake zuƙewa. Kitsen ma ba a taɓa shi. Tumbi ake wa aiki, wani lokaci har da hanji. Ana auna cancanta da ma'aunin BMI, wato a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, a sake rabawa da tsawon. Mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110 makinsa 40 ne da ɗoriya. Ƙa'idar da Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka kafa a 1991 ta ce a yi wa mai maki 40, ko mai 35 idan yana da ciwon sukari, hawan jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da iyakar zuwa 35 ga kowa, da 30 ga mai ciwon sukarin da ya ƙi jin magani.

Aiki biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne na ratse, wanda Edward Mason na Jami'ar Iowa ya fara a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame su zauna a rame. Ana ware 'yar jaka a saman tumbi mai cin kimanin mililita 30, cokalin cin abinci biyu ke nan. Sai a datse ƙaramin hanji, a jawo bakin ƙasa a ɗinke shi da jakar, bakin sama kuma, wanda ke ɗauke da ruwan ɗaci da sauran ruwan narkar da abinci, a haɗa shi can gaba bayan santimita 100 zuwa 150. Haɗin yana ba da siffar harafin Y, dabarar da aka gada daga César Roux, likitan fiɗa na birnin Lausanne. Na biyu shi ne tsuke tumbi, wanda yanzu ya fi kowanne yawa a duniya: a yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siririn bututu. Sashen da ake cirewa shi ne ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda aka gano a Japan a 1999. Saboda haka wurin zuba abinci ya ragu, kwaɗayinsa ma ya ragu.

Amfanin aikin ya tabbata. Mutum yakan sauke kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, ciwon sukari yakan lafa ga da yawa, kuma wani dogon bincike na Suwidin da ya bi mutum kusan 4,000 ya ba da rahoto a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kimanin kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata.

Abin lura a nan shi ne duka ayyukan biyu na ɓangare guda ne. Tumbi yana da babban lanƙwasa ta hagu da ƙarami ta dama. Saifa tana maƙale da samansa ta hagu. Hanji yana da gaba da baya. Tun 1993, lokacin da Alan Wittgrove da Wesley Clark suka yi aikin ratse na farko da kyamara a San Diego, aka rage tsaga ciki. Yanzu huji huɗu ko biyar ake yi, a hura cikin da iska, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo. Wannan ya rage ciwo da kwanan asibiti, amma ya ɗaure likita da wurin da ya huda, domin kowane huji shi ke yanke kusurwar da almakashi zai isa tumbi. Wittgrove da Clark ne kuma suka buga rahoton yi wa mai juyayyen ciki aikin ratse da kyamara a 1998. Rahoton wani aikin daban, na ɗaure tumbi da zobe, ya biyo baya daga Turkiyya a 2005, na tsuke tumbi kuma daga Faransa a 2006.

Tun ran gini, tun ran zane

Rabin nasarar aikin ana samun ta ne kafin a kai mara lafiya ɗakin tiyata. Da yawa daga cikin waɗannan mutane a gwaje-gwajen share fage ake fara gano halittarsu. Hoton ƙirji ya nuna inuwar zuciya a dama, ko awon bugun zuciya ya fito da layuka a kife. Kuskuren da aka sani shi ne a zargi ma'aikaci: a ce ya manna alamar dama a hagu, ko ya musanya wayoyi, sai a juya hoton a ci gaba. Wanda ya san aikinsa yakan sake gwajin, ya kuma sa abin sauraro a ƙirjin dama.

Da an tabbatar, tambaya ta gaba ita ce wane irin juyi ne. Cikakken juyi shi ne mai sauƙi, domin taswira ce sananniya da aka kifa. Akwai kuma juyin da bai kammala ba, inda wasu gaɓoɓi suka juya wasu suka tsaya, hanta ta kwanta a tsakiya, saifa ta rarrabu gida-gida ko babu ita sam, manyan jijiyoyin jini suka bi wata hanya daban, hanji bai gama naɗuwa a mazauninsa ba. Irin wannan yakan zo da nakasar zuciya mai tsanani, kuma babu littafin da zai gaya wa likita inda komai yake sai hoton jikin mutumin kansa. Shi ya sa ake ɗaukar hoton sikanin na ciki gaba ɗaya a bi shi daki-daki. Ko a cikakken juyi ma, nakasar zuciya ta haihuwa ta fi yawa, kimanin 3 zuwa 5 cikin 100, alhali a sauran jama'a kusan 1 ne cikin 100, don haka hoton zuciya wajibi ne.

Sai huhu. Idan mutum yana da tarihin tari mai majina tun yarinta, da toshewar hanci, da ciwon kunne, ko rashin haihuwa, to a binciki ciwon da Kartagener ya bayyana. Mai ƙiba dama huhunsa a matse yake, iskar da ake hura wa ciki tana ƙara danne shi, maganin sa barci kuma yana rage tari. Idan aka haɗa wannan da huhun da ba ya iya share majinarsa, ciwon huhu bayan tiyata ya zama babbar barazana. Irin wannan mara lafiya sai an yi masa atisayen ƙirji, an magance duk wata cuta da ke huhun, kafin a sa ranar aiki.

Likitan sa barci ma yana da nasa juyin. Wayoyin awon zuciya a kife za a manna su. Faifan da ake bugun zuciya da lantarki idan ta tsaya dole a shirya su ta ɗaya ɓangaren. Bututun numfashi idan ya zarce, a yawancin mutane huhun dama yake faɗawa, a nan kuwa na hagu. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma a lokacin gaggawa ba a da sararin tunani.

Sabo turken wawa

Dattawan direbobi a Najeriya suna tuna ranar 2 ga Afrilun 1972, da ƙasar ta bar tuƙi ta hagu ta koma ta dama. Babu direban da ya manta hanyar garinsu a ranar. A miƙaƙƙen titi kowa yana tune da sabuwar doka. Inda ake jin tsoro shi ne shataletale, ko lokacin da akuya ta faɗo titi ba zato, domin a nan hannu ke riga tunani ya koma inda ya saba. Halin da likitan fiɗa ke shiga ke nan a gaban juyayyen ciki, kuma tun daga hujin farko abin ke farawa.

A jikin mai ƙiba, likitoci da yawa sukan soka allurar hura iska a saman ciki ta hagu, 'yan santimita ƙasa da haƙarƙari, wurin da ake kira da sunan likitan Faransa Raoul Palmer. An zaɓi wurin ne domin babban sashen hanta ba ya nan. A juyayyen ciki kuwa, daidai nan hantar take kwance. Wurin da aka koya wa likita a matsayin mafi aminci ya zama wurin da zai iya huda gaɓar da ta fi kowace zubar da jini. Dole a koma dama.

Daga nan sai a juya ɗakin gaba ɗaya. Likitan da ya saba tsayawa a daman mara lafiya ya koma hagu, mataimaki ya canza wuri, allo da teburin kayan aiki su bi su, ƙarfen da ke ɗage hanta daga kan tumbi a kafa shi ta ɗaya gefen. Wanda ya saba tsayawa tsakanin ƙafafun mara lafiya, yadda ake yi a Faransa, ba ya buƙatar matsawa, amma da sauran rina a kaba, domin ba a iya juya hannun mutum. Kusan tara cikin goma na mutane na-dama ne, kuma an tsara matakan aikin yadda hannun dama zai riƙe abin yanka, hagu ya riƙe nama. Idan aka kifa komai, aikin da ya fi laushi ya faɗo wa hannun da bai ƙware ba. Mafita uku ce: likita ya yarda ya yi aiki da hagu, ko ya gusar da hujin yadda damansa zai isa wurin ba tare da kayan aiki sun sarƙe ba, ko ya miƙa wasu matakai ga abokin aiki. Bahagon likita, wanda ya sha wahalar koyo da kayan da aka ƙera don na-dama, a wannan rana shi ke da riba. Wasu kan ɗauki bidiyon aikin da suka saba yi su kifa hoton a kwamfuta su yi ta kallo kafin ranar, don ido ya saba. Inda ake da na'urar da Vinci, wadda likita ke sarrafa hannayenta daga kujera, bambancin dama da hagu yana raguwa, kuma an yi irin wannan aiki da ita cikin nasara.

A aikin tsuke tumbi, wuri biyu ne ke neman natsuwa. Na farko shi ne can sama, inda gajerun jijiyoyi suka haɗa tumbi da saifa. Saifa gaɓa ce mai taushi, ja kaɗan ya wuce kima sai ta tsage, kuma idan jini ya ɓalle likita yana da daƙiƙoƙi ne ya kama jijiyar, da hannun da ba nasa ba, a kusurwar da bai saba ba. Na biyu shi ne layin yanka. Ana zura bututun awo ta baki zuwa tumbi, sai a bi gefensa da na'urar da ke yanka tana ɗinkewa da ƙananan ƙusoshi, harbi biyar ko shida daga ƙasa zuwa sama. Idan kusurwar harbin farko ta karkace, tumbin yakan tsuke a lanƙwasarsa. Idan harbe-harben ba su hau layi ɗaya ba, bututun yakan murɗe. Ko wanne ya faru, abinci ba ya wucewa, matsi ya taru a sama, ɗinkin ya iya yoyo.

A aikin ratse kuwa haɗarin yana wajen hanji. Ƙaramin hanji ya kai mita da yawa, kuma ko'ina kamarsa ɗaya a allo. Likita yana gane gaba da baya ne daga wata jijiyar nama da ke riƙe farkon hanjin, wadda a yawancin mutane take hagu da ƙashin baya, sannan ya bi hanjin ta hanyar da hannunsa ya saba. A juyayyen ciki jijiyar tana dama, hanyar bi ma ta juya. Idan aka rikice aka jawo bakin da ba shi ba aka ɗinke da jakar, maimakon Y sai a samu zobe rufaffe, abinci da ruwan ɗaci su yi ta komowa baya. Kuskure ne sananne ko a jiki mai tsarin kowa, kuma maganinsa shi ne a sa alama a kowane baki, a sake bin hanjin tun daga tushe kafin a ɗinke, likita da mataimakinsa su faɗa da baki wane ɓangare suke riƙe da shi.

Abin da rahotanni suka nuna

Rahotannin da aka buga, daga Turai, Amurka, Asiya da Gabas ta Tsakiya, kusan bakinsu ɗaya: aikin yana yiwuwa, yakan ɗan fi ɗaukar lokaci, kuma nauyi yana sauka kamar yadda yake sauka ga kowa. Wannan ya dace da hankali, domin girelin da insulin ba su san dama da hagu ba. Sai dai a karanta su da lura. Yawancinsu labarin mutum ɗaya ne ko biyu, kuma likita ya fi saurin rubuta aikin da ya yi kyau fiye da wanda ya ɓaci. Abin da suka tabbatar shi ne ƙwararren likita da ya shirya yana iya yin aikin lafiya. Ba su ba kowane asibiti lasisin gwadawa ba.

Don haka juyayyen ciki ba dalili ba ne na hana mutum tiyatar da yake buƙata, amma dalili ne na zaɓen wuri da kyau, da kuma auna sauran hanyoyi. Alluran rage ƙiba na zamani irin su semagulutayid, waɗanda a gwaji suka sauke kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi, babu ruwansu da inda tumbi yake, ko da yake suna da tsada kuma nauyin yakan dawo idan aka daina.

Bayan an koma gida

Likitan da ya yi aikin ya san sirrin jikin. Wanda za a kai wa mara lafiyan da tsakar dare bayan wata takwas bai sani ba. Wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye, domin da yawa daga masu neman irin wannan tiyata a Najeriya da Nijar suna tafiya Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai, su yi 'yan makonni su dawo, duk abin da ya biyo baya kuma a asibitin gida za a tare shi.

Saurin ramewa yana haifar da tsakuwa a matsarmama, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin rigakafi na wata shida. Ciwon matsarmama an san shi da saman ciki ta dama. A juyayyen ciki yakan zo ta hagu, inda za a iya ɗaukarsa gyambon ciki ko ciwon ƙoda a sallami mutum da magani. Afendis ma haka, ta ƙasan hagu. Wani lokaci kuma zafin yakan bayyana a tsakiya ko ma a ɓangaren da aka saba, don haka wurin ciwo kaɗai ba abin dogaro ba ne. Yoyon ɗinki a kwanakin farko yakan nuna kansa da bugun zuciya sama da 120 a minti, da zazzaɓi, da ciwon kafaɗa, wanda a nan yana iya zama kafaɗar dama maimakon hagu. Wanda aka yi wa ratse kuma, ko bayan shekaru, hanji yana iya zurmawa cikin wata kafa da aikin ya bari ya shaƙe, kuma mai karanta hoton sikanin dole ya san cewa taswirar a kife take.

Sauran dokokin duk ɗaya ne da na kowa: ƙwayoyin bitamin B12, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin D har iyakar rai, gwajin jini lokaci-lokaci, mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, sannan a tuntuɓi likita kafin azumin farko bayan aiki, domin tumbin da ba ya ɗaukar ruwa da yawa lokaci guda yana saurin jefa mutum cikin ƙishirwa mai haɗari.

Abin da ya rage a wuyan mara lafiya shi ne kada ya baro asibitin da aka yi masa aiki sai da rubutaccen rahoto mai ɗauke da sunan aikin, da ranarsa, da bayanin cewa kayan cikinsa a juye suke, tare da kwafin hotunansa. Ya ajiye ɗaya a waya, ya sa ƙaramin kati a aljihu, kuma ya sanar da matarsa ko mijinta da manyan 'ya'ya, domin wanda aka kawo a sume ba ya ba da labari. Ma'aikatan lafiya kuma, daga babban asibiti har ɗakin shan magani na ƙauye, gano wannan halitta ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Kitsen ƙirji yana dusashe sautin zuciya, shi ya sa idan aka saurari mai ƙiba ta hagu aka ji sautin can nesa, ake saurin ɗora wa ƙiba laifi. Kafin a yanke wannan hukunci, a matsar da abin sauraron zuwa dama a ƙara saurare.